Masu Tserar Da Bayi A Amurka: Tarihin Hanyar Ɓoye Da Mutanen Da Suka Riƙe Ta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Kafin a haramta bauta a Amurka a shekarar 1865, an yi wasu mutane, baƙaƙe da farare, maza da mata, waɗanda suka ɗauki nauyin taimaka wa bayi su gudu daga hannun iyayengijinsu zuwa inda doka ba ta yarda a mallaki mutum ba. Dokar ƙasarsu ta ɗauki wannan aiki a matsayin sata, saboda haka duk wanda ya shige shi ya san yana iya rasa dukiyarsa, ko 'yancinsa, ko ma ransa. Tsarin da suka yi aiki da shi ana kiransa Underground Railroad da Turanci, wato hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa.

Ma'anar sunan

Babu jirgi a cikin lamarin, babu kuma rami. Suna ne na aro da ya yaɗu a shekarun 1830 zuwa 1840, lokacin da jirgin ƙasa yake sabon abu a Amurka. Masu aikin sun ari kalmomin jirgi don su ɓoye maganarsu: mai yi wa bayi jagora shi ne kwandasta, gidan da ake ɓoye su shi ne tasha, mai gidan shugaban tasha, su kuwa masu gudun fasinjoji ko kaya. Da a ƙasar Hausa ne, da sai a ce madugu, da zango, da fatoma.

Tsarin ba shi da shugaba guda ko ofishi guda. Galibi mai masauki ya san wanda zai kawo masa baƙi da wanda zai miƙa su gare shi, bai san sauran ba. Wannan ya sa idan an kama mutum ɗaya, ba a samun bakin zaren sauran.

Yadda ƙasar take a lokacin

Amurka ta rabu gida biyu. Jihohin kudu sun dogara da bayi wajen noman auduga, da taba, da rake, da shinkafa, kuma ƙidayar 1860 ta nuna akwai bayi kusan miliyan 4. Jihohin arewa sun soke bauta ɗaya bayan ɗaya. Iyakar da ta raba su a gabas ita ce layin da ke tsakanin Maryland da Pennsylvania, a yamma kuma kogin Ohio.

Sai dai ƙetare iyakar bai isa ya ba mutum kwanciyar hankali ba. Dokar 1793 ta bai wa ubangida ikon bin bawansa har cikin arewa ya kamo shi, ta kuma sa tarar dala 500 a kan wanda ya ɓoye shi. A 1850 aka yi wata dokar da ta fi ta tsanani. A ƙarƙashinta, wanda ake zargi da gudu ba shi da damar ba da shaida a kan kansa, jami'in da ke yanke hukunci yana karɓar dala 10 idan ya mayar da mutum bauta, dala 5 idan ya sake shi, wanda kuma ya taimaki mai gudu yana fuskantar tarar da ta kai dala 1,000 da ɗaurin wata 6. Daga nan sai masu gudu da yawa suka riƙa zarcewa Kanada, inda dokar Birtaniya ta soke bauta tun 1 ga Agusta, 1834. Bayin da ke Texas kuwa wasunsu kudu suka nufa zuwa Meksiko, wadda ta soke bauta a 1829.

Yadda ake gudun

Mataki na farko, kuma mafi haɗari, bawan ne ke ɗaukarsa shi kaɗai. Yawancin masu taimako suna arewa ne, don haka sai mutum ya fita daga gonar ubangidansa, ya tsere wa karnuka da mafarautan bayi, ya yi kwanaki yana tafiyar dare yana kwana a daji ko fadama, kafin ya isa inda zai sami hannun da zai karɓe shi. Tauraron arewa shi ne alƙiblar masu tafiyar ƙasa. Wasu kuma sun ɓuya cikin jiragen ruwa da ke tashi daga garuruwan bakin teku kamar Norfolk, da taimakon baƙaƙen ma'aikatan jirgi. Mafi yawan waɗanda suka tsira sun fito ne daga jihohin da ke kusa da iyaka, irin su Maryland, Virginia, Kentucky da Delaware. Daga can ƙuryar kudu, kaɗan ne suka kai.

Akwai waɗanda dabara ta fisshe su. A watan Disamba na 1848, Ellen Craft, baiwa mai hasken fata daga garin Macon na jihar Georgia, ta yi shigar Bature namiji marar lafiya, ta ɗaure hannunta na dama don kada a ce ta sa hannu a takarda tunda ba ta iya rubutu ba, mijinta William kuma ya bi ta a matsayin bawanta. Suka shiga jirgin ƙasa da na ruwa a bainar jama'a har suka isa Filadelfiya ranar Kirsimeti. A watan Maris na 1849, Henry Brown ya sa aka rufe shi cikin akwatin katako a Richmond aka aika shi Filadelfiya kamar kaya, ya yi kimanin awa 27 a ciki. Samuel Smith, Baturen da ya taimaka aka aika akwatin, daga baya an kama shi yana ƙoƙarin yi wa wasu bayi biyu irin haka, ya yi shekaru a kurkuku.

Harriet Tubman

An haife ta cikin bauta wajen 1822 a gundumar Dorchester ta jihar Maryland. Tana yarinya wani mai tsaron bayi ya jefi wani bawa da ƙarfen awo, ƙarfen ya same ta a ka, ciwon ya bar ta da ciwon kai da barci mai kama ta ba shiri har ƙarshen rayuwarta. A 1849 ta gudu zuwa Filadelfiya, tafiyar kimanin kilomita 145.

Abin da ya bambanta ta da mafi yawan masu aikin shi ne komawa. Ta koma Maryland kamar sau 13, ta fito da mutum kusan 70, cikinsu har da 'yan uwanta maza, da iyayenta tsofaffi da ta ɗauko a 1857. Ta fi son tafiya lokacin sanyi saboda tsawon dare, kuma takan tashi da mutanenta daren Asabar, domin jaridu ba za su buga cigiyar bawa ba sai Litinin. Tana riƙe da ƙaramar bindiga, don kariya da kuma hana wanda ya karaya juyawa ya tona asirin sauran. Bayan dokar 1850 ta riƙa kai mutanenta har garin St. Catharines na Kanada. Ba a taɓa kama ta ba, ba ta kuma taɓa rasa wanda ta ɗauko ba. Mutanenta suka yi mata laƙabi da Musa, suna kwatanta ta da Annabi Musa (AS) da ya fitar da Banu Isra'ila daga Masar. A lokacin yaƙin basasa, ranar 2 ga Yuni, 1863, ta yi wa sojojin arewa jagora a harin kogin Combahee, inda aka kuɓutar da bayi fiye da 700. Ta rasu ranar 10 ga Maris, 1913 a garin Auburn na jihar New York.

William Still

Baƙar fata ne da aka haifa ɗa a New Jersey a 1821. Mahaifinsa ya fanshi kansa, mahaifiyarsa kuma gudowa ta yi daga Maryland, ta bar 'ya'ya maza biyu a baya. Still ya kama aikin magatakarda a ƙungiyar yaƙi da bauta ta Pennsylvania a 1847, daga baya ya jagoranci kwamitin da ke karɓar masu gudu a Filadelfiya. Ɗaruruwan mutane sun bi ta hannunsa.

A 1850 wani dattijo mai suna Peter ya shigo ofishinsa daga Alabama yana neman danginsa da aka raba shi da su fiye da shekara 40. Yana cikin ba da labari, Still ya gane yayansa ne, ɗaya daga cikin yaran nan biyu da mahaifiyarsu ta bari. Daga nan ya dage wajen rubuta sunan duk wanda ya zo, da garinsu, da sunan ubangidansa, da dangin da ya bari, don wata rana iyalai su sami juna. Ya ɓoye takardun, domin da sun faɗa hannun hukuma da sun zama hujja a kansa da kan mutanen. A 1872 ya buga su a littafi, wanda har yau yana cikin manyan madogarar masu binciken wannan tarihi.

Masu masauki da masu fito

'Yan wata ɗariƙar Kiristoci da ake kira Quaker suna cikin fararen da suka fara ƙin bauta. Levi Coffin da matarsa Catharine sun koma garin Newport na jihar Indiana a 1826, sannan Cincinnati a 1847, gidansu ya zama zango. Catharine ce ke dafa abinci da haɗa tufafi ga baƙin da kan iso tsakar dare. Coffin ya ƙiyasta cewa mutum kusan 3,000 suka taimaka wa.

Thomas Garrett, ɗan kasuwar ƙarfe a Wilmington ta jihar Delaware, shi ne ya sha bai wa Harriet Tubman kuɗi da takalma don mutanenta. A 1848 aka gurfanar da shi saboda taimakon wani iyali, aka ci shi tarar dubban daloli. A cikin kotun ya shaida wa jama'a cewa zai ci gaba, kuma ya ci gaba. Da ya rasu a 1871, baƙaƙen garin ne suka ɗauki gawarsa a kafaɗa zuwa makabarta.

A garin Ripley da ke bakin kogin Ohio, wani limamin coci mai suna John Rankin yana da gida a kan tudu, inda ake kunna fitila da dare don masu ƙetarowa daga Kentucky su ga inda za su nufa. A garin dai akwai John Parker, tsohon bawa da ya fanshi kansa ya buɗe maƙera, wanda kan haye kogin cikin dare da ƙaramin jirgi ya ɗauko mutane daga ɓangaren bauta.

A birnin New York, David Ruggles, baƙar fata mai sayar da littattafai, yana cikin waɗanda suka kafa kwamitin kare masu gudu a 1835. Shi ya sauki wani saurayi da ya gudo daga Baltimore ranar 3 ga Satumba, 1838 cikin shigar ma'aikacin jirgin ruwa, da taimakon kuɗin Anna Murray wadda ya aura bayan isowarsa. Saurayin shi ne Frederick Douglass, wanda ya zama babban mai magana da yawun masu yaƙi da bauta, gidansa na Rochester kuma ya zama zangon ƙarshe kafin Kanada. Bincike na baya-bayan nan ya nuna cewa mafi yawan aikin yau da kullum, wato abinci, da makwanci, da neman sana'a ga sabon zuwa, unguwannin baƙaƙe da cocinsu ne suka ɗauke shi, ko da yake sunayen fararen sun fi shahara a tsofaffin littattafai.

Waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu

A 1844 aka kama Jonathan Walker, wani matuƙin jirgin ruwa, yana ƙoƙarin kai bayi 7 daga Florida zuwa tsibiran Bahamas. Kotu ta sa aka yi masa lalas da ƙarfe mai zafi a tafin hannu, da haruffa biyu masu nufin ɓarawon bayi. Charles Torrey ya mutu da tarin fuka a kurkukun Maryland a 1846. Calvin Fairbank ya shafe fiye da shekara 17 a kurkukun Kentucky, a ɗauri biyu. Seth Concklin kuwa, da ya ji labarin Peter yayan William Still, sai ya tafi Alabama ya ɗauko matar Peter da 'ya'yansa uku. Aka kama su a Indiana a 1851, aka mayar da iyalin bauta, shi kuma aka tsinci gawarsa a kogi da sarƙa a hannu da ƙafa. Sai bayan shekaru Peter ya tara dala 5,000 ya fanshi iyalinsa. Hukuncin bawan da aka kamo shi ne bulala, da sayar da shi can ƙuryar kudu inda ba zai ƙara ganin danginsa ba.

Ɗan Jugu da ya tsere a New York

Cikin waɗanda wannan hanya ta tserar akwai wanda asalinsa ya taɓa mu kai tsaye. Sunansa a rubuce Mahommah Gardo Baquaqua, wato Muhammadu Gado, Gado kuwa sunan wanda aka haifa bayan tagwaye. An haife shi a gidan Musulmi 'yan kasuwa a garin Jugu, wanda ake rubutawa Djougou, a arewacin jamhuriyar Benin ta yau, zango ne a kan hanyar fataken goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Ya ce mahaifiyarsa 'yar Katsina ce, kuma ya yi makarantar allo yana yaro.

An yaudare shi aka sayar da shi a nan gida Afirka, aka bi da shi hannu zuwa hannu har bakin teku, aka ƙetare da shi Birazil wajen 1845. Ya yi bauta a gidan wani mai burodi a Pernambuco, sannan aka sayar da shi ga wani kyaftin ɗin jirgin ruwa a Rio de Janeiro. A watan Yuni na 1847 jirgin, mai suna Lembrança, ya kai kofi New York. Masu yaƙi da bauta na birnin suka ji akwai bayi a ciki, suka shigar da ƙara. Alƙali ya yanke cewa ma'aikatan jirgi ne, a mayar da su ga kyaftin. Ana cikin ɗaukaka ƙara, shi da abokinsa suka ɓace daga gidan yarin da aka ajiye su, aka bi da su ta hanyar ɓoye zuwa Boston, daga can aka sa su jirgi zuwa Haiti, ƙasar baƙaƙe da ta 'yantar da kanta a 1804.

A Haiti ya sha yunwa da rashin matsuguni, har wasu 'yan mishan suka ɗauke shi, kuma a hannunsu ya shiga Kiristanci a 1848. Ya yi karatu a wata kwaleji a jihar New York, ya zauna a Kanada, aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit a 1854. A 1855 ya tafi Liverpool da niyyar komawa Afirka. Labarinsa na ƙarshe da aka samu na 1857 ne, yana Ingila.

Wasu Musulmin da aka bautar a Amurka ta hanyar fansa suka fita. Ayuba Sulaiman Jallo na ƙasar Bundu ya rubuta wasiƙa da Larabci daga Maryland, wasiƙar ta kai Ingila, aka fanshe shi, ya koma gida a 1734. Abdurrahman ɗan Ibrahima Sori na Futa Jalon ya yi shekara 40 yana bauta a Mississippi kafin a sake shi a 1828, ya rasu a Laberiya a 1829 bai kai garinsu ba.

Yawan waɗanda suka tsira da tasirin aikin

Da yake aikin na sirri ne, ƙiyasin masana ya bambanta, daga kimanin mutum dubu 30 zuwa dubu 100 a cikin shekarun da suka gabaci yaƙin basasa. Idan aka auna da miliyan 4, adadin kaɗan ne. Amma tasirinsa ya wuce yawansa. Kowane mai gudu da ya tsaya gaban taro ya ba da labarin bulala da raba uwa da ɗa ya ƙaryata da'awar iyayengiji cewa bayi suna jin daɗin zamansu. Kamen mutane a titunan arewa kuma ya harzuƙa jama'a. A 1851 mutanen Syracuse suka fasa ofishin 'yan sanda suka ƙwato wani mai suna Jerry suka kai shi Kanada, a 1854 kuma sai da aka jibge sojoji a Boston kafin a iya mayar da Anthony Burns zuwa Virginia. Rikicin bayi masu gudu yana cikin abubuwan da suka kai ƙasar ga yaƙin 1861 zuwa 1865, wanda ya ƙare da gyaran tsarin mulki na 13 da ya haramta bauta.

Abin da ya shafi Musulmi

'Yanta bawa babbar ibada ce a Musulunci. Suratul Balad ta lissafa shi cikin ayyukan da ke tsallakar da mutum hanya mai wuyar hawa, aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sa fansar bayi cikin wuraren da ake kashe zakka, kuma shi ne kaffarar kisan kuskure da zihari, yana cikin zaɓin kaffarar rantsuwa. Sayyidina Abubakar (RA) ya sayi Bilal (RA) daga masu azabtar da shi ya 'yanta shi. Ya inganta a Sahihul Bukhari cewa wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa yana cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar alƙiyama. A 1615 Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta fatawarsa Mi'irajus Su'ud, ya yi raddi ga masu ɗaukar baƙar fata hujjar bauta, ya ambaci Kano, da Katsina, da Barno, da Gobir, da Songhai cikin ƙasashen da bai halatta a bautar da mutanensu ba.

Duk da haka an kama mutane an sayar a ƙasashenmu, kuma hannun 'yan Afirka ne ya fara miƙa Muhammadu Gado. Saurar al'adar ba ta gama gushewa ba. Jamhuriyar Nijar ta mayar da bautar da mutum laifi a dokarta a 2003, kuma ranar 27 ga Oktoba, 2008 kotun ECOWAS, wato CEDEAO, da ta zauna a Yamai, ta yanke cewa ƙasar ta gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Ƙungiyar Timidria ta Nijar tana cikin waɗanda suka tsaya mata.

Mutanen da aka ambata a wannan tarihi galibinsu ba masu mulki ba ne. Magatakarda ne, da maƙeri, da mai kanti, da matar gida, kowa ya ba da abin da ke hannunsa: ɗaki, ko kwano, ko jirgin fito, ko alƙalami. A yau ma ana safarar 'yan mata da samari da sunan aikin gida ko tafiya ƙasar waje, a ƙwace musu fasfo a hana su fita. Wajibi ne masallatai da makarantunmu su san irin waɗannan mutane idan sun gan su, su san hukumar da za a kai wa ƙara, su kuma zama masauki ga wanda ya kuɓuta, don kada ya rasa wanda zai karɓe shi a cikin 'yan uwansa.

Allah ya kuɓutar da duk wanda ke hannun azzalumi, ya sa mu cikin masu taimakon wanda aka zalunta. Allah ne mafi sani.